Aksul ɗin Yaya Sani

Jama'a, yau na ga ƙarfen da ya kashe Yaya Sani!

Na kai gyaran ƙofa wajen Malam Habu mai walda a Mandawari. Sai ga aksul ɗin tirela yashe a gefe, ƙarfen nan mai riƙe tayoyi. Kore ne da ratsin rawaya. Haka Yaya yake yi wa motar simintin da yake tuƙawa kwalliya.

Na ce, "Malam, daga ina wannan?"

Ya ce, "'Yan gwangwan suka kawo. Na motar simintin da ta kife ne."

Ya kankare fentin da wuƙa, rubutu ya fito jikin wani ɗan farantin ƙarfe. Ya ce, "Kin gani? Tan takwas yake ɗauka. Motar siminti mai ɗaukar tan sha biyu take so. Dole ya karye. Fenti ya rufe rubutun."

Innalillahi! Tun rasuwarsa ake cewa gyangyaɗi ya yi a kan sitiyari!

Na ruga gida na faɗa wa Umma. Ta ce, "Har ni sai da na yarda ya yi barcin."