Mun Ce wa Inna Gwiwa Ce

A motar dawowa daga Sakkwato na ɗaga hoton MRI na maigidana jikin taga. Marainansa biyu kamar wata cikin gajimare, gonakin dawa na ta wucewa ta bayansu. A ɗayan akwai ɗan ɗigo. Ranar Litinin likita zai faɗa ko ciwon daji ne.

Don kunya, mun ce wa mahaifiyarsa ciwon gwiwa ne.

A Sanyinna ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallo.

"Gwiwa ce, Inna."

"Ni niy yi mai wanka yana jinjiri, ɗiyata. Na san inda gwiwatai take."

Ta yi tofi daidai kan ɗigon. Ni mai digiri, sai da aka nuna min shi da biro.

Ku taya mu addu'a. Waninku ya taɓa ɓoye wa uwa abu ya ɓoyu?