Metod Leban Ya Sauko da Duwatsu Uku

Metod Leban bai iya zama ba. Matarsa Zofka ta ce tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin ya shanye kofi a kan kujera ba. A tsaye yake sha, a bakin taga, idonsa a kan dutsen da ke bayan gidansu. Shekara talatin da shida ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke saman garin Tolmin, da fari a ƙafa, daga baya a babur, inda babur ya gaza kuma ƙafa ta ƙarasa. A kafaɗar hagu yake rataye jakar wasiƙun. Da ya yi ritaya ya mayar da jakar, amma kafaɗar ba ta koma daidai ba. Duk rigar da ya sa sai ta karkace.

Yanzu shekararsa sittin da bakwai, kuma abin da ya rage masa shi ne farautar gams, bunsurun dutsen nan mai ƙaho kamar ƙugiya. Tun yana ɗan ashirin yake binsa.

A ƙungiyar mafarautan kwarinsu ba a daddatsa nama a kan dutse. In ka harbe gams ka cire kayan ciki, ka sa masa ɗanyen reshe a baki don girmamawa, sannan ka goyo shi a jaka ɗungurungum har ɗakin sanyi na ƙungiya, a ɗora a sikeli a rubuta. Kansa a waje yake zama, sama da bakin jaka, duk wanda ka gamu da shi ya ɗaga hula ya yi maka barka. Wanda ya harba shi ke ɗauka. Wannan ba a rubuce yake ba, amma babu wanda bai sani ba.

Kakar bara Metod ya harbi wani tsohon bunsuru mai kilo ashirin da tara. Ya cusa shi a jakar goyon da ya gada wurin mahaifinsa, ta tamfol, mai siraran maɗauran fata. A gangaren da ke saman rafi ya zauna a kan wani falalen dutse don ya numfasa, sai tashi ya gagara. Hannun hagu ya saki kamar ba nasa ba. Abokinsa Stanko Rutar, mai gyaran rufin gidaje, shi ya karɓi jakar. Da suka shigo ƙauye mutanen da ke gaban gidan shan kofi suka miƙe suna ɗaga wa Stanko hula. Stanko na ta cewa, "Ba nawa ba ne, na Metod ne," wannan kuwa ya fi komai ciwo. Metod na biye da shi, rataye da bindiga biyu.

A taron watan Janairu shugaban ƙungiya, Edvard Kenda, likitan dabbobi ne mai sanyin magana, ya ja shi gefe. Ya ce akwai rumfar katako mai dogayen ƙafafu a bakin gonaki, inda ake dakon barewa. Mota na zuwa har gindinta.

"Awa nawa ake zama?" in ji Metod.

"Uku, wani lokaci huɗu."

"Ka ɗaure ni a kujera, ka ce farauta nake yi."

"Baba Metod, ba na son ranar da zan je gidanka in gaya wa Zofka wata magana," in ji Edvard. Sannan ya ce, "A watan Mayu za a kai wa gams gishirin lasa can ƙarƙashin tsauni. Duk wanda ya kai kantunsa da bayansa, sunansa na cikin masu hawa bana. Wanda bai kai ba, rumfa."

Kantun gishiri kilo ashirin da biyar ne.

Sauran lokacin sanyin nan Metod bai bar kowa ya huta ba. Ya faskara itacen da zai ishe su shekara biyu. Ya kwance ƙyauren lambu ya sake ɗaura shi, bayan mako ya ga bai yi ba ya sake. Ya shafa wa maɗauran tsohuwar jakar mai sau uku. A na ukun Zofka ta tsaya a kansa riƙe da ludayi.

"Mai kake shafa wa jaka, ko kafaɗarka ce za ta sha?" ta ce. "Babanka ma a karkace aka binne shi saboda wannan tsumman. Ka je ka sayi jaka, ko ka je ka sayi haƙuri. Ni dai ka fita mini daga kicin."

Ya tafi Tolmin ranar Talata da kantun gishirinsa naɗe a bargo. Mai shagon kayan hawan dutse, Nives, ta kai shekara arba'in, ta kuma gane shi nan take, don shi ke kai wa kakarta wasiƙu.

"Baba mai wasiƙa, me ka rungumo haka? Jariri?"

"Gishiri ne. Ba na sayen jakar da aka cika da takarda."

Ya fara ɗaukar wata koriya mai aljihu da yawa, don ta yi kama da ta mahaifinsa. Da ya sa kantun gindinta ya zazzago yana dukan ɗuwawunsa, nauyin na jansa baya. Ya ajiye. Ta biyu marar nauyi ce kamar riga, yana ɗagawa ɗinkin ya fara kuka.

"Cire, Baba," in ji Nives, "kafin ka saye ta a yage."

Ta shiga ciki ta fito da wata mummuna, ruwan toka. Tana da sanduna biyu a baya da faffaɗar ɗamara mai kauri, tsakanin sandunan da jakar kuma akwai wani sarari da ake buɗewa a ɗora kaya a ɗaure su manne da gadon baya.

"Wannan ta 'yan yawon buɗe ido ce," in ji Metod. "Dubi ɗamararta, kamar ta mai jego. Ina zan sa wuƙata?"

"A aljihu, kamar kowa. Juya."

Ta auna bayansa da tef daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Ta matsa baya ta dube shi, ta rage maɗaurin hagu ya fi na dama gajarta, ta ɗaure kantun, ta ja ɗamarar har ya yi nishi.

"Kafaɗarka ta gama aikinta," ta ce. "Ƙugun nan ne shekara sittin bai yi wa kowa komai ba."

Ya yi taku biyar ya dawo. Ya ɗaga hannun hagu sama, ya murza yatsu. Abin da ya tambaya shi ne, "Kai fa, ta ina zai fito?"

"Kan wa?"

"Na gams. In kansa bai fito ba buhun dankali na ɗauko."

Ya naɗe bargon ya ɗora a kan kantun, ya zari wata lema mai lanƙwasasshen mariƙi daga bakin ƙofa ya soke a ciki, ya tsaya gaban madubi yana juyawa gefe da gefe. Mariƙin ya leƙo daidai saman kafaɗarsa ta dama kamar ƙahon gams. Daga nan ya hau matakalar ɗakin ajiya ya sauko sau goma sha ɗaya, Nives na ƙirgawa tana sallamar wasu. Ya cire jakar ya ce zai yi shawara. Ya dawo Laraba ya sake hawa matakala. Ya dawo Juma'a ya saya, bayan ya sa ta cire duk wata takarda mai ƙyalli da ke jiki.

Ranar kai gishiri su bakwai suka tashi da safe. Hawan awa uku ne, cikin daji da fari, sannan tsakuwa zalla. Metod ne na shida da ya isa. Ya sauke kantun a kututturen da ake ɗora shi, Edvard ya duba fuskarsa, ya ce, "Shi ke nan, Baba, kana ciki. Tsohon bunsuru ɗaya, kamar kullum."

"Jakar ce ta hawo," in ji Stanko, bakinsa cike da burodi da cuku. "Shi kawai ta ɗauko a hanya."

Aka yi dariya, aka ci, aka fara sauka da jakunkuna wayam. Metod bai bi su ba. Ya yi ta zagaya kututturen yana harbin tsakuwa da takalmi. Ya ci jarrabawar Edvard, amma ya san ba ita ce tasa ba. Gishiri hawa yake yi, gams kuwa sauka. Bara ba hawa ce ta zaunar da shi ba.

Ya fara ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa a hannu, yadda ya saba jinjina kunshin saƙo ya faɗi nauyinsa tun ba a ɗora a sikeli ba. Ya zaɓi huɗu, ya ɗaure su inda kantun ya tashi.

Stanko ne kaɗai ya tsaya jiransa. "Tsoho, dutsen ne za ka kai wa Zofka gida da kaɗan-kaɗan?"

"Kilo ashirin da tara, nauyin na bara. Wuce gaba."

Rabin awar farko lafiya lau. Nauyin na zaune a ƙugu, bai lilo ba, hannun hagu na nan da ransa. Amma jaka ba ta san gwiwa ba. Da suka shiga gangaren saman rafi gwiwoyinsa suka fara rawa, ko wane taku sai ya nemi inda zai dafa. Tsakuwa ta gudu ƙarƙashin ƙafarsa ta dama, ya cafki saiwar wata bishiya, ya ji tsakuwar na ta gangarawa har ta faɗa ruwa can ƙasa. Ya lallaɓa zuwa falalen dutsen bara ya zauna.

"Kawo," in ji Stanko, ba wasa a muryarsa. "Duwatsu ne, ba wanda zai ɗaga mini hula."

"Bari."

Ya zauna yana huci, zaman da ya fi kowane tsawo da Stanko ya taɓa ganin ya yi. Sannan ya kwance ɗamara, ya ciro dutse ɗaya, mafi girma, ya ajiye a kan falalen. Ya sake ɗaurewa, ya dafa gwiwa, ya miƙe da kansa. Sauran hanyar a hankali ya yi ta, bai sake zamewa ba.

Sun tarar da Edvard a ɗakin sanyi yana wanke ƙasa. Metod ya zube duwatsu uku a sikelin. Allura ta tsaya a ashirin da ɗaya.

"Goge tsohon bunsurun nan daga sunana," in ji Metod. "Rubuta mini matashi, ɗan shekara biyu. Abin da zan iya saukowa da shi ke nan."

Edvard ya dubi duwatsun, ya dubi Stanko, ya ɗauko biro.

"Ɗan shekara biyu," in ji Stanko. "Ƙahon da Zofka za ta riƙa rataye makulli."

"Ta rataye. Ni dai zan shigo da shi."

Ya mayar da duwatsun cikin jaka ya goya su gida. Suna nan a bakin ƙyauren lambu. Duk Talata da Juma'a yakan hau da su har rafi ya sauko, don saura wata biyar kaka ta zo, gwiwa kuma sai ana tuna mata. Zofka ta ce kwana biyun nan ne kaɗai take samun kicin ɗinta.