Goran Kawu da Dinyar Tabkinmu

Akwai abin da ya faru a ƙauyenmu cikin shekarun farin nan na tamanin da 'yan kai, wanda ba za ni manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Amma gara in faɗa tun farko, an daɗe, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata ɗari bisa ɗari ba. Ban tabbata ko shekarar farko ta farin ce ko ta biyu ba. Wasu maganganun ma mai yiwuwa ba haka aka jera su ba. Abin da na tabbata da shi kawai shi ne abin da ya fito daga bakina ni.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Gatawa da Turba. A lokacin na gama karatun aikin gona a jami'a, na dawo gida ina jiran aiki. Damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gaji suka tafi. Abin da ya rage mana shi ne wani tabki mai zurfi a bayan gari. Duk tabkunan yankin sun ƙafe, shi kaɗai ya riƙe ruwa, don haka tsuntsayen ruwa suka taru a kansa: dinya, kirinjijiya, da wasu ƙananan agwagi da ban san sunansu ba har yau. Mata na tonon bado a gefe, su kuma tsuntsayen suna tsakiya.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai kamun su, kuma ba ya amfani da bindiga ko tarko. Yakan saki manyan goruna a kan ruwan, su yi kwanaki suna yawo har tsuntsayen su saba da su, su riƙa hawa kansu suna gyaran gashi. Sannan da hantsi ya ɗauki wani gora da ya yanke wa gindi, ya huda masa ƙofofin ido biyu, ya kifa a kansa, ya shiga ruwa har wuya. Sai ka ga gora ɗaya cikin goruna yana matsawa kamar iska ce ke tura shi. In ya isa, ya kama ƙafar dinya ta ƙarƙashin ruwa ya ja ta ƙasa, ya danne mata baki, ya ja da baya a hankali zuwa cikin ciyawa, ya yi bisimilla ya yanka. 'Yan uwanta ba su san an yi ba. Uku ko huɗu yake kamawa a yini, ya tsaya. Ba ya sayarwa a shekarar nan. Gidan mai jego ake fara kaiwa, sai gidan da ke da maras lafiya, sai tsofaffi. Romon nan da ɗan garin bado shi ya riƙe gidaje da yawa.

Wata rana na same shi yana shanya jiki a bakin tabkin, fatar hannunsa duk ta yamutse don ruwa. Na ce, "Kawu, tunda ka iya, me zai hana ka kama ashirin a huta?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Malam Boko ke nan. Tabkin ga rumbu na, ɗana. Wa ka gani ya kwashe rumbu rana guda?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ba nama kaɗai ka kai ni ba. In na shiga goran ga, ba ni jin kukan yunwa, ba ni jin kowa. Numfashina nika ji, da hirarsu. Kana ganin idon dinya kusa da naka, ba ta tsoron ka. Ubana ya gwada mani, shi ma ubanai ya gwada mai. Nan kaɗai nika jin ni mutum na, ba mai jiran taimako ba."

Na ji maganar, na kuma fahimce ta. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

Ana haka sai wani Alhaji ɗan kasuwa, mai kai kaya Nijar, ya yada zango a garin. Ya ga tabkin, ya sami maigari da shawara: zai kawo maharba masu bindiga daga Sabon Birni, a yi safiya ɗaya ana harbi, rabi na gari, rabi ya busar ya tafi da shi. Ban ce mugun mutum ba ne. Ya ga nama yana yawo a kan ruwa, ya ga yara da ƙafafu kamar sillen kara, ya haɗa lissafinsa.

Maigari ya tara dattawa bayan la'asar a ƙofar gidansa. Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, in anka buga bindiga bisa ruwan ga, sun tahi ke nan. Ba su komowa bana."

Alhaji ya ce, "Haba tsoho! Su tahi ina? Akwai wani ruwa? Kai dai ka hi son a riƙa biyo ka gida ana godiya kan ƙafar agwagwa guda." Wasu suka yi dariya, irin dariyar mai jin yunwa da aka yi wa maganar nama.

Sai maigari ya juyo wajena. "To, ga wanda munka kai karatu. Ɗana, mi takardunku sunka ce? Suna tashi ko ba su tashi?"

Na san amsar. Ko ban karanta ba, na ga yadda kirinjijiya ke watsewa in jaki ya yi kuka kusa. Amma na ga idanun mutane a kaina, na ga Alhaji da babbar riga, na tuna in na ce a'a kuma wani yaro ya mutu a makon nan, za a ce ɗan boko ne ya hana shi nama don ya kare kawunsa. Sai na ce, "To, ranka ya daɗe, abin ya danganta. Mai yiwuwa su tashi, mai yiwuwa kuma su dawo, tunda ruwa ya yi ƙaranci. Ba a yi bincike a kan tabkin nan ba, don haka ba za ni iya yanke hukunci ba."

Alhaji ya tafa hannu. "Kun ji! Ko boko bai hana ba." Kawu bai dube ni ba. Ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Bayan kwana biyu maharban suka zo, su biyu ne ko uku. Da rana ta fito suka buɗe wuta. Ban taɓa jin ƙara irin ta fikafikan nan ba, sama ta yi duhu, kirinjijiya na ta kuka suna zagaye tabkin, ana ƙara harbinsu. An kwashi da yawa, ba na musu. Amma waɗanda suka ji rauni suka faɗa can cikin laka mai zurfi, inda ba mai iya zuwa, sun kusa yawan waɗanda aka samu. Suka mutu ba yanka, suka zama mushe. Garin ya ci nama kwana biyu, har da masu ciwon ciki don hanji ya manta da maiƙo. A rana ta uku tabkin ya fara wari, mata suka daina shiga tonon bado. Gorunan Kawu na yawo a kan ruwa, ba ko tsuntsu ɗaya a kansu.

Kullum da hantsi Kawu yakan je ya zauna a bakin ruwan. Ya yi haka wajen mako biyu. Ranar da na yi ƙarfin halin zuwa, na tsuguna na fara, "Kawu, ni abin da nake nufi a ranar nan…"

Ya katse ni. Ya miƙo mini goran nan mai ido biyu. "Sa ka gani."

Na kifa a kaina. Ciki na warin ruwa da gumin shekaru. Ta 'yan ƙofofin na hango ruwa kore, da fikafikai a kafe cikin laka.

"Mi ka gani?"

Na ce, "Ba komai, Kawu."

"To, yanzu an yi binciken."

Na cire goran na miƙa masa, bai karɓa ba. Kafin wata ya ƙare gidaje suka fara watsewa. Cikin masu jegon da yake kai wa romo, ɗaya ta rasa jaririnta. Ba za ni ce don rashin romon ne ba, rai na Allah ne, amma ban taɓa iya cire abin daga raina ba. Kawu ya kwashi iyalinsa ya yi kudu cin rani, mutumin da bai taɓa kwana bakwai a wajen garinsu ba. A can ya rasu. Da damina ta gyaru tsuntsayen sun dawo, sai dai babu wanda ya iya shiga gora.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ban ce a harba ba. Gaskiya ne, ban ce ba. Amma na gane cewa in aka tambayi wanda ya sani, ya ce "ya danganta" don tsoron laifi, to ya riga ya zaɓi ɓangare, ya dai bar wa wani ɗaukar nauyin. Alhaji ya kawo bindiga, ni na buɗe masa hanya. Goran yana rataye a ɗakina har yau.

Na san akwai sauran waɗanda suka zauna a ƙofar maigari a yammacin nan, a Isa ko Sabon Birni ko inda rayuwa ta kai su. Duk wanda ya ga na kuskure a wani wuri, don Allah ya aiko mini da gyara. In kuma akwai wanda ya ji Kawu ya ambace ni kafin ya rasu, ko da maganar ba mai daɗi ba ce, ina roƙon ya faɗa mini yadda take.