Wuƙaƙe Uku a Akwatin Yaya

Ko da aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu, mota na jiranmu a ƙofar gida. Daga Ɗambatta muka nufi filin jirgin Kano, ni da wani abokina. Shi ƙwallo ce ta fito da shi, gasar cin kofin duniya, don har ya sanya rigar Senegal tun daga gida. Ni kuwa tikitin wasan na saya ne kawai domin shi ne ya buɗe mini hanyar shiga Qatar. Kabarin yayana nake son gani.

Yaya direba ne a Doha. Shekara bakwai ya yi can, sau ɗaya ya zo gida. Lokacin annobar korona cutar ta kama shi, kwana tara ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Iyakoki a rufe suke, aka binne shi ba ko ɗayanmu a wurin. Da na je sallamar wannan tafiya, Baba bai ce komai ba sai, "Ka gaishe shi."

Mun sauka Doha da hantsi. Gari ya cika ya batse: tutoci, ganguna, mutane kala-kala sun shafa fenti a fuska. Jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari kyauta ne ga masu tikitin wasa, sai abokina ya ce shi a ciki zai tare. Shayin karak riyal ɗaya ne, mai kauri da zaƙi, shi kaɗai na iya saye ban fara lissafa shi da naira ba.

A unguwar Old Airport muka sauka, wurin abokin ɗakin Yaya, wani Bakatsine mai aikin gadi. Ɗaki ne mai gadaje huɗu, biyu a kan biyu. Ya dafa mana shinkafa da wake da mai da yaji. Yajin ma, in ji shi, daga gida ake aiko masa.

Washegari ya kai ni maƙabarta, can bayan gari. Fili ne shimfiɗe, ba itace ko ɗaya, kaburbura jere da lambobi. Bai duba takarda ba, kai tsaye ya wuce da ni. "Mu huɗu aka bari muka sallace shi," ya ce, "kowa da takunkumi, nesa da juna." Na durƙusa na yi addu'a, na isar da gaisuwar Baba.

Da muka koma ɗaki ya jawo akwatin Yaya daga ƙarƙashin gado. Shekara biyu yana ajiye da shi, bai yarda ya ba kowa ya kawo ba. Tufafi ne, da Alƙur'ani, da wata 'yar jakar yadi. A cikinta akwai wuƙaƙe uku masu naɗewa: babba, matsakaiciya da ƙarama.

Ya ba ni labarinsu. Yaya ya taɓa tuƙa wani injiniya ɗan Japan, wanda kullum yake fere tuffa da irin wannan wuƙa. Yaya ya ga kaifinta ya ce ta dace da auren mangwaro, sana'ar Baba ke nan a lambunmu. Ya roƙi mutumin ya taho masa da ɗaya. Shi kuma da bai san hannun da za ta shiga ba, ya kawo duka ukun ya ce a zaɓa.

Ƙirar gargajiya ce ta maƙeran Japan. Ƙotar fallen tagulla ce da aka ninke, an zana rubutunsu a jiki. Ba ta da makulli. A bayan ruwan wuƙar akwai wata 'yar wutsiya ta ƙarfe, ita ake dannewa da babban yatsa muddin ana aiki. Yatsa ya saki, wuƙa na iya rufowa. Ƙaramar ba ta wuce tsawon yatsa ɗan ali ba, babbar kuwa ta cika tafin hannu har ta leƙo. A jikin babbar an manna 'yar takarda da rubutun Yaya: "Baba."

Yaya ya san Baba da hannu kamar faranti, mai murɗe reshe ya karye. Bai san cewa shekara guda kafin rasuwarsa hawan jini ya taɓa Baba, hannun dama ya shanye ba. Mu muka ɓoye masa, bisa umarnin Baba, don kada ya bar aikinsa ya taho. Yanzu da hagu Baba yake lallaɓa komai.

Na faɗa wa Bakatsinen. Ya ce, "Malam, ba a zaɓen wuƙa a ɗaki. Gobe Juma'a ba ni da aiki, mu je inda itace yake."

Bayan sallar Juma'a, yayin da abokina ya tafi filin wasa, muka kama hanyar Umm Salal. Titi sumul, benaye suna raguwa, sai ga dabino da gonaki kewaye da katanga. Akwai wata gona da Yaya kan je ya taya masu aikinta ban ruwa idan kewar gida ta dame shi. Suka ba ni rassan lemun tsami da aka sassare.

Na sa hannun dama a aljihu, na gwada da hagu kamar yadda Baba zai yi. Ƙaramar ta ɓace mini a hannu, yatsun dattijo ba za su iya damƙe ta ba. Babbar ta yi nauyi a gaba. Ina cikin fiƙe reshe yatsana ya zame daga wutsiyar, ta rufo ta tsaga mini fata. Matsakaiciyar ta zauna daram: yatsu huɗu a ƙota, babban ya faɗa kan wutsiya ba tare da na neme ta ba. Yanka ɗaya ta fitar da reshen santal.

"Khalas, shi ke nan," in ji Bakatsinen. "Ga ta Baba nan."

"Amma ba ita ya rubuta wa suna ba," na ce.

Kwana biyu ina juya maganar. Har na yi niyyar ɓanɓare takardar in mayar kan matsakaiciyar, amma na kasa taɓa rubutun mamaci da ƙarya. Na ba Bakatsinen ƙaramar, ya ƙi, na rantse masa, ya karɓa yana share ido. Sauran biyun na cusa su can cikin babban akwati, tunda ba a shiga jirgi da wuƙa a jiki.

Mun iso gida da la'asar. Na tarar da Baba a lambu, zaune a kan kujerarsa. Na ba shi labarin kabari, sannan na ajiye wuƙaƙen a cinyarsa, na faɗi komai yadda yake. Ya ɗauki babbar, ya daɗe yana kallon takardar.

"Har ya tafi bai san hannun ya mutu ba?"

"Bai sani ba, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ya tafi da ni da ƙarfina."

Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa ba tare da ya buɗe ba. Sannan ya buɗe matsakaiciyar da hagu, ya ce in riƙe masa dashen. Muka aura mangwaro uku kafin magariba, ni ina riƙewa ina ɗaurewa, shi yana yanka.

Na je Doha neman kabari, na dawo na fahimci cewa wanda ke nesa yana auna ka ne da yadda ya bar ka, na kusa kuma da yadda kake a yau, kuma dattijo yana bukatar duka biyun. Allah ya jiƙan Yaya, ya saka wa waɗanda suka tsaya a kansa lokacin da mu muka kasa isa.