Daƙiƙa Ukun da Kika Ƙi Yarda da Su

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, mun shirya ko ba mu shirya ba. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, mijinki ya kira ni ya ce zuciyarki ta tsaya a hanyar asibiti. Ina zaune a ɗakin gwajin tuƙi, mai kwaikwayon jirgin sama, a lokacin, na ɗaura bel, ina jiran ki zo ki sa ni yin kuskure kamar kullum.

Shekara tara muna wannan aikin tare, ni tsohon matuƙin jirgin sama, ke injiniya mai lissafi. Jirgin zamani su biyu ke tuƙa shi, matuƙi da na'ura, kuma masifar ita ce lokacin da kowannensu ya ɗauka ɗayan ne ke riƙe da jirgin. Aikinki ki kafa hujja da lissafi cewa wannan lokacin ba zai taɓa zuwa ba, don "mun gwada sau dubu" ba ya gamsar da ke. Nawa aikin in zauna a kujera in danna abin da bai kamata ba. Kina cewa ba ki taɓa ganin gwanin shirme irina ba. Ni kuma na laƙaba miki Idan-Fa, don ba a rufe magana a gabanki ba ki ce, "To, idan fa...?" Sunan ya bi ki har gida, autarki ma da shi take tsokanarki.

Ban manta ranar da na kayar da jirgin gwaji sau huɗu a jere ba. Na sauko gumi sharkaf, na ce tsufa ya cim mini, gara in ajiye aikin. Kika turo mini kofin shayinki.

"Yaya Kyaftin, idan mai shekara talatin a sama ya rikice, laifin allon da ke gaban matuƙi ne. Sha mu koma."

Haka kike. Ba ki taɓa rubuta sunan matuƙi a rahoton kuskure ba. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a haɗarin jirgi, duniya ta ɗora masa laifi. Kika rubuta mata shafi shida da hannunki, kika bayyana mata yadda allon ya yaudare shi, don 'ya'yansa su daina sunkuyar da kai.

Sai batun sabuwar na'urar sauka. Duk hujjarta a kan layi ɗaya ta tsaya: matuƙi zai lura cikin daƙiƙa uku cewa na'ura ta saki jirgin. Kika ce ba za ki sa hannu ba. Shugaban sashe ya ce, "Haba injiniya, fitila ce fa ke kamawa a gaban idonsa. Makaho ne?"

Kika ce, "Ranka ya daɗe, mai ido biyu ma yakan kalli abu bai gan shi ba."

Ni na goyi bayan shugaba. Na bugi ƙirji na ce duk matuƙin da ya amsa sunansa zai lura. Ba ki yi fushi ba, kallona kawai kika yi.

Ƙanwata, taku biyu ne tsakanin teburina da naki. Wata huɗu ke nan da kika daina hawa matakalar ɗakin gwaji, kina ba ni umarni ta lasifika daga ƙasa. Kin ajiye takalmi kin koma silifa. Kina tsayawa a tsakiyar magana ki ja numfashi. Duk a kan idona aka yi. Abin da na iya shi ne na yi miki tsiya, wai kin zama manya, hawa bene ya fi ƙarfinki. Na san ajali ba ya jira, amma ko sau ɗaya ban ce mu je a duba ki ba. Wannan abin yana cin raina, ba na jin zai daina.

Jiya na je wurin shugaba na janye maganata kan daƙiƙa ukun. Shugaba ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce an kawo wani injiniya, ranar Alhamis zai sa hannu. Littattafanki na nan a kan teburi, cike da lissafin da ba na iya karantawa. Layin zai wuce yadda yake, wata rana jirgi cike da mutane zai dogara da shi, kuma ban ga wanda zai miƙe ya ce "idan fa" ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa rayukan da kika tsare ba tare da sun san ki ba su zama hujja a gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da 'ya'yanki uku, Allah Ya ba su haƙurin rashinki, Ya raya yaran. Haka ga mahaifiyarki, wadda da na durƙusa gaishe ta ta ce, "Kai ne Kyaftin? Allah Ya saka maka. 'Yata ta ce kai ke lura da ita a wurin aiki."

Ban iya cewa amin ba.