Wuyan Jita na Maɗaci

Yau na taɓa sabuwar jitar bes, mai kaurin amon nan, a wani shago a Birnin Kudu, wuyanta santsi kamar roba, tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Marigayi masassaƙin garayar nan na Fagam nake ta tunawa. A can baya, da wuyan jitata ya karye, saura mako biyu in yi kiɗan biki, wurinsa na je. Ya ƙwanƙwasa itacen kirya da na maɗaci kusa da kunnensa, ya ce, "Kirya tsawa take yi, ga nauyi a kafaɗa. Maɗaci kuwa daga ƙirji yake magana, ɗana." Yana sassaƙa maɗacin, ɗacin garin itacen har kan harshena. Yanzu wuyan da ya sassaƙa mini ya fara lanƙwashewa, na rasa wanda zan kai wa. Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba.