Gicciye a Kan Tunkuza

Ƙamshin man gyaɗa a kasuwa jiya ya tuno mini da Gwaggo. Farkon 'yancin kai, a Sabon Gari, ba ta matsar tunkuza sai ta zana mata gicciye da babban yatsa. Fada, limamin cocinmu, ya ba ta wani tsohon littafin addu'a na Faransanci, ita kuwa ba ta karatu.

"In ka gama lakwal ka karanta mini," ta ce, hannunta sharkaf da mai. "Kafin nan, turmina ne cocina."

Na gama makarantar, na dawo, na tarar ta rasu, an kife turmin. Littafin kuwa, da na karanta shi, abin da take yi kullum yake koyarwa: mai da aiki addu'a.

Ubangiji ya karɓi aikin hannunta, ya hutar da ita.